Abin da Aikin Makunnin Wuta Ya Koya Mini Kafin In Bar Kamfani

A ƙarshen watan nan zan miƙa ragamar sashen lantarki ga wanda zai gaje ni, kuma tun da matasan da muka yi aiki tare sun nemi in bar musu wani abu a rubuce, na zaɓi in yi magana a kan makunnin wuta, domin shi ne abin da aka fi rainawa a lissafin ginin gida, kuma a kansa ne aka taɓa yi mini rashin adalcin da har yau ban manta ba. Duk wanda muka yi aikin gidan nan mai hawa biyu na unguwar Guzape a Abuja tare ya san labarin, amma ba kowa ne ya san yadda aka faro ba.

Mun yi wayarin gidan ne bisa zanen da aka ba mu, irin tsarin Ingila da akasarin gidajen Najeriya ke bi: akwatin makunni mai kusurwa huɗu wanda murfinsa ke da faɗin milimita 86, zurfinsa milimita 25, kuma wayar da ke ɗauke da wuta ce kawai take saukowa cikinsa ta koma zuwa ƙwan fitila, ita kuwa wayar nutural, wadda wutar ke komawa ta cikinta, tana can sama cikin silin. An yi filasta, an yi fenti, an manna tayil a bangon kicin da banɗakuna. Sai bayan duk wannan ne shugaban aikinmu ya ga hoton makunnan gilashi waɗanda ake taɓawa da yatsa kuma ake sarrafa su da wayar hannu, ya je ya nuna wa mai gidan, ya yi masa alkawarin cewa su za a saka, ba tare da ya tambayi ko ɗaya daga cikinmu ba.

Na sami shugaban aikin na yi masa bayani a tsanake. Irin wannan makunni yana da ƙaramar na'ura a cikinsa wadda dole ta kasance a kunne dare da rana domin ta karɓi umarni, saboda haka yana buƙatar nutural a cikin akwatin, kuma bayansa yana da kauri, ba zai zauna daidai ba sai akwatin ya kai zurfin milimita 35, wani ma sai 47. Na ce masa ko dai mu sake jan waya ta cikin bututu mu canza akwatunan, ko mu bar gidan da makunnan gargajiya masu inganci. Amsar da ya ba ni ita ce, "Injiniya, kai dai ka saka abin da aka kawo maka, akwai wanda ba ya son nutural, kuma shi na saya." Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai shi, amma fitilun silin ɗin nan ƙanana ne, ba za su jitu da shi ba." Ya ɗaga hannu ya ce maganar ta ƙare.

Abin da na faɗa shi ne ya faru. Makunnin da ba ya amfani da nutural yana samun wutar da yake rayuwa da ita ne ta hanyar barin ɗan abu kaɗan ya riƙa bi ta cikin ƙwan ko da an kashe shi. Tsohon ƙwai mai zare ba ya nuna komai da wannan, amma ƙwan LED mai wat 3 ko 5 yana ɗaukarsa, sai ka ga an kashe fitila tana ci gaba da haske dishi-dishi ko tana ƙyaftawa lokaci-lokaci cikin dare. Maganinsa shi ne a ɗaura wata ƙaramar na'ura mai suna kafasita a jikin fitilar, wanda ke nufin a riƙa ciro fitilu daga silin da aka riga aka gama ƙawatawa. Murafun gilashin kuma ba su kwanta a bango ba saboda ƙarancin zurfin akwati, har wasu suka tsage wajen ɗaurewa. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta. Gidan yana tsakanin wutar gwamnati da janareta da inbata, kuma duk lokacin da aka sauya daga ɗaya zuwa ɗaya sai makunnan su mutu su farfaɗo, wasu su tashi a kunne, har da na ɗakin barcin mai gidan da tsakar dare. Mahaifiyarsa kuwa, dattijuwa mai raunin gani, ta kasa gane inda za ta taɓa a kan gilashi sumul wanda ba shi da tudu ko kwari, ta koma ajiye tocila kusa da abin sallarta a cikin gidan da aka kashe miliyoyi a kansa.

Da Alhaji, mai gidan, ya kira taro, ina tsaye a wurin shugaban aikin ya ce masa wayarin ne ba a yi da kyau ba. Ban musanta shi a gaban baƙo ba, domin ba tarbiyyata ba ce, kuma na ɗauka idan muka koma ofis zai gyara maganarsa. Bai gyara ba. Aka rubuta a rahoto cewa sakacin sashen lantarki ne, aka cire wani kaso na kuɗin gyaran daga albashina, shi kuma aka yaba masa da ya shawo kan matsalar, alhali abin da aka yi a ƙarshe shi ne shawarata ta farko: aka ja nutural zuwa falo da ɗakin mai gida inda ake son makunnan zamanin, aka mayar da sauran gidan kan makunnan dannawa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma wanda ke riƙe da alƙalamin rahoto ya fi kowa sauƙin taka nasa. Tun daga wannan lokaci duk shawarar da na ba wanda ke sama da ni sai na bi ta da saƙo a rubuce mai ɗauke da kwanan wata, kuma ina ba ku shawara ku yi haka ko da za a ce kun cika tsirfa.

Babban darasin aikin dai shi ne makunni ana zaɓensa ne kafin filasta. A ranar da ake fasa bango ya kamata a zauna da mai gida da uwargida a tambaye su inda gado zai zauna, ta wane gefe ƙofa za ta buɗe, da su wa za su zauna a gidan. A nan ake sanin cewa matakala da dogon baranda da ɗakin barci suna buƙatar makunnin da ake kunnawa daga wuri biyu, kuma idan wuraren sun kai uku sai an ƙara wani makunni na musamman a tsakanin biyun. Ni yanzu ko ba a nema ba ina saka akwati mai zurfin milimita 35 in sauko da nutural in naɗe bakinta in bar ta a ciki, domin kuɗin ƙarin wayar bai kai na fasa tayil ɗaya ba.

Sauran abubuwan kun san yawancinsu. Makunnin fitila na amfiya 10 ne, kuma gara a nemi mai alamar 10AX, saboda tarin fitilun LED suna fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin kunnawa, abin da ke sa bakin makunni mai araha ya ƙone ko ya manne. Hita da na'urar sanyaya ɗaki suna buƙatar nasu na amfiya 20 mai yanke waya biyu, murhun lantarki kuma na amfiya 45. Makunnin rage haske na tsohon yayi ba ya tafiya da LED, sai an dace da wanda aka yi dominsa da ƙwan da aka rubuta cewa ana iya rage haskensa, kuma kada a taɓa ɗora fanka a kansa. Murfin ƙarfe, komai kyansa, sai an haɗa shi da wayar ƙasa, wato wayar da ke kare mutum daga jan lantarki. Wayar da ke ɗauke da wuta ita makunni zai yanke, ba nutural ba. Na banɗaki a bar shi a waje, na tsakar gida kuma a nemi mai murfin da ke hana ruwan damina da ƙurar hunturu shiga. Idan mai gida ya ce zai sayo nasa daga Turkiyya ko Jamus, a gaya masa tun wuri cewa akwatinsu zagayayye ne, ba zai hau namu ba.

Game da jabu, sunan kamfani irin su MK ko Legrand ko Schneider a jikin kwali ba hujja ba ce, domin an fi kwaikwayon abin da ya yi suna. Ku juya bayan makunnin ku duba kaurin tagullar da wayar ke shiga, ku ɗaure sukurun ku ga ko yana kamawa ko yana zamewa, ku danna ku ji ko yana faɗawa da ƙarfi. Ku sa a sayi ƙarin wasu daga samfurin da aka zaɓa a ajiye wa mai gida, saboda launi da fasali suna ɓacewa daga kasuwa cikin ɗan lokaci.

Zanen duk gidajen da na yi, da bayanin akwatunan da ke da nutural a cikinsu, suna cikin fayil ɗin da na bar wa magajina. Na gidan Guzape yana ciki, tare da kwafin rahoton da aka rubuta a kaina, wanda har yau ba a janye shi ba.