Littafin da ke kan firij

Wata biyar kenan da tarewata a Mararaba, sai yau Allah ya yi zan ba ku labarin zaman. Duk wanda ya san Abuja ya san yawancinmu masu cika baki da "ina Abuja" ba a can muke kwana ba. Mararaba ai jihar Nasarawa ce, ƙaramar hukumar Karu, aiki kawai muke shiga yi mu dawo, kuma in ka kuskura ka bar gida bayan shida da rabi na safe to goslon Nyanya zai koya maka hankali tun kafin ka kai gangaren Kugbo.

Ni ban taɓa tunanin zan yi zaman haɗaka da baƙon ido ba. Amma da ejan ya lissafo min kuɗin shekara cif a dunƙule, ga nashi kason, ga na lauya, ga wani wai na ajiya ko da za ka fasa wani abu a gidan, sai na ji kaina ya sara. Ga kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 bai sake dawowa daidai ba. Wani a ofis ɗinmu ne ya ce akwai abokinsa da ke da ɗaki biyu da falo yana neman wanda za su raba, ban ma tambayi ko ɗan ina ne ba na ce ina so.

Ashe Tibi ne daga Gboko. Ya yi bautar ƙasa a Gusau, saboda haka yana jin Hausa ras, har da su "mi kac ce" irin na Zamfarawa. Ni Oga nake ce masa, shi kuma Malam. Ranar farko ina shigo da katifa ya tare ni da tambaya, me da me ba ka ci, gaya min yanzu in san tukunyar da zan ware. Na ji daɗin wannan. Maganar alam ɗina na asuba da waƙoƙin cocinsa na safiyar Lahadi kuwa ko sati ba a yi ba kowa ya saba.

Inda aka samu matsala littafi ne. Wani ɗan littafin makaranta mai ganye arba'in a kan firij, da biro ɗaure da zare. Yunit ɗin mita, cikon gas, jarka nawa mai ruwa ya juye, omo, kuɗin masu kwasar shara, kai har ashana, komai sai ya rubuta da kwanan wata, ƙarshen wata ya raba biyu ya turo min a WhatsApp. Wallahi ranar da na ga an rubuta naira 150 na soson wanke-wanke sai da na zauna bakin katifa ina mamaki. Ni da na tashi a cikin birnin Kano, gidan da ya fi mutum ashirin, kwano ɗaya muke sa hannu mu shida, ba ka taɓa jin an ce sabulun wane ne wannan, kuma a ce maka "kawo kuɗin kaza" ai kamar an zage ka ne. Na kira Hajiyarmu na ce mata na haɗu da marowaci. Ta ce ka yi haƙuri, zo mu zauna zo mu saɓa.

Sai na shiga yin abin da muka iya, kawaici. In abu ya ɓata min rai ba zan faɗa ba, sai dai in tsuke fuska in rage gaisuwa, ina jira ya gane da kansa. Bai gane ba mana. Ya ma ɗauka ciwon kai nake, har panadol ya miƙo min wata rana.

Ana haka ɗan yayan babanmu ya kira wai an kira shi intabiyu, kwana uku zai yi. Ban gaya wa Oga ba, don a ganina wa ke neman izini kafin ya sauki ɗan uwansa? Kwana uku ya zama sati uku. Bawan Allahn nan ya wuni a falo fanka na juyawa, ga guga kullum, ya dafa indomi sau uku a rana, wanka kuwa kamar a bakin Tiga yake, har ya fara jawo wani abokinsa suna kallon ƙwallo. Yunit ɗin da ke kai mu wata ya ƙare a kwana goma sha biyu. Ni kuma kunya ta hana ni ce masa yaushe za ka tafi, don na san kafin ya isa tasha labari ya riga shi zuwa Kano cewa na samu Abuja na canza.

Daren da gas ya ƙare shinkafar Oga tana kan wuta, ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce Malam fito mu yi magana. Babu faɗa babu ɗaga murya. Ya buɗe littafin nan ya nuna min watan da ya wuce da wannan watan, ya ce baƙonka baƙona ne, a garinmu ma ba a korar baƙo, amma ni albashina ƙanne biyu ke karatu da shi, ba zan iya ciyar da mutum na uku ban sani ba. Sai ya ƙara da wadda ta fi ci min rai, wai ka fi wata kana fushi da ni kuma har yau ban san laifina ba.

Na rasa ta cewa. Duk tsawon lokacin nan ina ganin ni ne mai kara shi ne mai ƙididdiga, ashe karar tawa da aljihunsa nake yin ta. Doyar da yake kawowa daga Zaki Biam in ya je gida, wadda nake soyawa da ƙwai hankalina kwance, ko sau ɗaya bai taɓa sa ta a littafi ba, abin da muka saya tare kawai yake rubutawa. Ni ne ban lura ba.

A watan nan na biya kashi biyu cikin uku. Ɗan uwan nawa kuma na sa Hajiya ta kira shi da dabara ta ce ana nemansa a gida, har yanzu dai ban iya faɗa da bakina ba, ƙarya ba kyau. Muka yi ƙa'ida, baƙon da zai wuce kwana biyu a sanar tun kafin ya hau mota.

Satin da ya wuce Hajiya ta aiko min da kilishi da yaji da kuka da man shanu. Na ɗibar masa, ya ɗauko biro wai nawa ne nashi kason, na ce Oga ajiye biron nan kar mu ɓata. Ya yi dariya ya ajiye. Jiya ni na sayo soso, 200 ya koma yanzu, kuma da hannuna na rubuta.