Saƙon Godiya Bisa Dawowar Hajiya Daga Ƙasa Mai Tsarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin iyalan gidanmu da ke Daura, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga duk waɗanda suka tsaya mana har mahaifiyarmu ta iso gida lafiya daga aikin Hajji, bayan wahalar da ta sha a cikin jirgi.

Daga filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zuwa na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina nisan ya kai kusan kilomita 3,500, kuma mun saba jin alhazai na cewa tafiyar ba ta wuce awa biyar, domin da jirgi ya tsallake Bahar Maliya sai ya ratsa Sudan da Chadi ya miƙo gida. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, ya zama dole jirage su riƙa kewayawa, shi ya sa jirginsu Hajiya ya yi kusan awa bakwai a sama. Abin ya taɓa ta ƙwarai, don ta wannan ƙasa ta Sudan ce mahaifinta ya bi da ƙafa zuwa Makka, ya yi shekaru kafin ya dawo.

Godiyarmu ta musamman tana ga wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, wadda aka zaunar kusa da ita. Hajiya ta haura shekara saba'in kuma tana fama da ciwon sukari, ga shi gajiya ta hana ta cin abinci kafin tashi. Wannan baiwar Allah ce ta lura da gumi da rawar jikin da suka kama ta, ta gane sukarinta ne ya sauka, ta yi maza ta ba ta dabino da ruwa, sannan da ta ga ƙafafunta sun kumbura saboda dogon zama, ta riƙa kama hannunta suna takawa a hankali tsakanin kujeru. Ba ta san mu ba, kuma har suka rabu ba ta daina kiranta Inna ba. Allah Ya saka mata da Aljanna, Ya karɓi Hajjinta.

Muna kuma gode wa kawunnai da gwaggonni da maƙwabta da suka baro Daura cikin dare. An sanar da mu cewa jirgin ya tashi ƙarfe uku agogon Saudiyya, wato ƙarfe ɗaya a nan, tun da suna gabanmu da awa biyu, sai muka sa ran saukarsa ƙarfe shida. A filin jirgi suka yi sallar Asuba, suka yi ta addu'a har hantsi, kuma ba wanda ya gusa sai da suka ga Hajiya da idonsu.

Hajiya tana samun sauƙi, kuma likita ya ba ta shawarar hutawa da safe, don haka muna roƙon masu zuwa barka da sauka su daure su zo bayan sallar La'asar.