A-kori-kurar da Muka Yi Haya a Tsibirin Bonaire

Tsibirin Bonaire yana kudancin tekun Karibiyan, kimanin kilomita 80 daga gaɓar ƙasar Venezuela, kuma tun ranar 10 ga Oktoba, 2010 yake a matsayin ƙaramar hukuma ta musamman ƙarƙashin ƙasar Holan. Can muka je hutun kwana goma, ni da ƙanena da wani abokin aikinsa, bayan mun shafe shekara biyu muna koyon nutso da tukunyar iska. Da muka raba ayyukan tafiya, neman motar haya ne ya faɗo kaina. Na yi makonni ina nazarin masauki da tikitin jirgi, amma zaɓen mota bai ci mini rabin awa ba, domin a tunanina mota abin kai mutum daga filin jirgi zuwa masauki ce kawai. Na zaɓi ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, mai giyar otomatik da na'urar sanyaya iska, saboda ita ce mafi arha a jerin da na gani.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne yadda ake nutso a wannan tsibiri. A yawancin wurare, kwalekwale ne ke ɗaukar masu nutso da kayansu ya kai su inda murjani yake. A Bonaire kuwa, murjanin yana farawa ne taku kaɗan daga bakin ruwa, kuma da yake iska daga gabas take kaɗawa kusan duk shekara, ruwan gaɓar yamma a kwance yake. Wuraren nutso sun haura 80 idan aka haɗa da na ɗan tsibirin Klein Bonaire, kuma fiye da 50 daga cikinsu da ƙafa ake shiga daga tudu. A bakin hanya an ajiye duwatsu masu fentin ruwan ɗorawa, kowane da sunan wurin a rubuce, sai mutum ya ratse, ya ajiye mota, ya ɗaura kayansa, ya taka ya shiga teku. Ke nan duk aikin da kwalekwale ke yi a wani wuri, a nan mota ce ke yin sa: ita ce ke ɗaukar kaya, a jikinta ake shiri, kuma ita ake bari ba mai tsaro har tsawon awa guda.

Safiyar farko muka nuna shaidar biyan kuɗin kula da muhalli na hukumar STINAPA, wadda ke riƙe da gandun ruwan da aka kafa a 1979 ya kewaye tsibirin, dala 40 kowane mutum a lokacin da muka je. Muka saurari bayanin dokoki, muka yi nutson gwaji da ake buƙata kafin a sake mutum shi kaɗai, sannan muka je ɗaukar tukwane. Kowannenmu yana buƙatar biyu kafin azahar, wato shida ke nan, kuma kowace tukunya idan tana cike nauyinta ya haura kilo 15. But ɗin motar ya ɗauki uku da ƙyar. Muka jera sauran a ƙasan kujerar baya da kan kujerar, abokin ƙanena ya takure a gefe da jakar kaya a kan cinyarsa, ga dalmar da ake ɗaurawa don nauyi, ga rigunan nutso, ga takalman iyo. A shataletale na farko da muka zagaya a Kralendijk, babban garin tsibirin, wata tukunya ta mirgina, bakinta ya daki ƙofa da ƙarfi. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin iskar da ke ciki a matse take da ƙarfin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, kuma bakin nan shi ne wurin da bai kamata ya sha duka ba.

Da muka fito daga ruwa sai matsala ta biyu ta bayyana. Kayan nutso jiƙaƙƙu suna tsiyayar ruwan gishiri, kuma ba mu da inda za mu sa su sai kan shimfiɗar motar. Kafin la'asar warin danshi ya cika ta. Washegari muka je wurin da jirgin ruwan Hilma Hooker yake kwance, wanda ya nutse a 1984 a zurfin kusan mita 30, kuma a can ba kwalta a inda ake ajiye mota, ɓaraguzan murjani ne fari fat. Ina ratsewa na ji cikin motar ya karci ƙasa. Ƙanena ya fito ya durƙusa ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan motar ba za ta kai mu ƙarshen mako lafiya ba. Dubi abin da kowa ya zo da shi." Na duba, duk motocin da ke jere a wurin a-kori-kura ne.

Da yamma muka koma kamfanin hayar. Matar da ke kan tebur ba ta yi mamaki ba, sai dai ta gaya mana cewa a-kori-kura masu giyar otomatik kaɗan ne, kuma duk an kama su tun watanni. Akwai wata mai giyar hannu da za a dawo da ita washegari, muka karɓa, muka biya bambancin kuɗi, kuma rangwamen da na samu don na biya da wuri ya tafi. Giyar hannu ba ta dame ni ba, domin da ita na koyi tuƙi a gida, amma abokin ƙanena bai taɓa taka kuloci ba, sai tuƙin ya koma kanmu mu biyu. Wanda zai je can ya kamata ya tambayi kowane abokin tafiyarsa wace giya ya iya tun kafin a sayi tikiti, kuma a rubuta sunan duk wanda zai taɓa sitiyari a takardar haya, domin idan hatsari ya faru a hannun wanda ba a rubuta ba, inshora tana iya janye hannunta.

Motar da muka samu Toyota Hilux ce mai kujeru gaba da baya, ta sha jiki, fentinta ya kode, bodinta duk karce. A bayanta an kafa katako mai gurabe, inda ake kwantar da tukwane ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun motsa ba, kuma kujerunta an lulluɓe su da leda mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa. Amma abin da ya fi amfane mu shi ne ƙyauren baya. Idan aka sauke shi, tsayinsa daidai ƙugun mutum yake, sai ka tsayar da tukunya a kai, ka haɗa ta da rigar da ke riƙe ta, ka duba ma'aunin iska, sannan ka juya baya ka zura hannuwa kamar mai saka 'yar shara, ka miƙe da kayan a bayanka. A kwana biyun farko daga ƙasa muke cicciɓar wannan nauyi, ɗaya yana ɗaga wa ɗaya, har bayana ya fara ciwo. Ga wanda zai yi nutso uku ko huɗu a yini har tsawon mako, wannan bambanci yana da girma, musamman a wurin nutso irin 1000 Steps, wato Matakala Dubu, inda matakalar dutsen ba ta kai 80 ba, amma hawanta bayan nutso da kaya jiƙaƙƙu yakan cinye sauran ƙarfin da mutum ya fito da shi.

Akwai wata ƙa'ida da ta yi mini wuyar karɓa. An gaya mana, kuma yana rubuce a takardar haya, cewa idan za mu shiga ruwa kada mu kulle mota, mu sauke gilasai, kuma kada mu bar komai mai daraja a ciki. Ni da na saba in kulle mota in koma in sake jan ƙofa don in tabbatar, zuciyata ta ƙi yarda da farko. Dalilin kuwa a fili yake. Wuraren nutso da yawa ba kowa a kusa, kuma duk wanda ya ga mota ya san masu ita suna ƙarƙashin ruwa, ba za su fito ba sai bayan minti arba'in ko fiye. Mota a kulle tana nuna akwai abin da ake ɓoyewa, sai a fasa gilashi, kuma kuɗin gilashin a wuyan mai haya yake. Mun bi ƙa'idar. Abin da muke bari shi ne silifa, tsofaffin tawul, gorar ruwan sha da wata tsohuwar darduma da muke salla a kai a bakin teku. Wayoyi da fasfo suna masauki. Lasisin tuƙi da 'yan kuɗi kaɗan kuma suna cikin ƙaramin akwatin roba mai hana ruwa shiga, wanda nake sawa a aljihun rigar nutso. A kwana takwas ba a taɓa mana komai ba, ko da yake wata rana mun tarar da alamar an buɗe aljihun gaban motar an duba.

Wannan ya kawo maganar mukulli, wadda ban taɓa tunaninta ba. Ƙaramar motar farko mukullinta mai batir ne, ruwan gishiri zai kashe shi nan take, kuma ɓoye shi a kan taya ko ƙarƙashin dutse dabara ce da kowa ya sani. Mukullin Hilux ɗin kuwa ƙarfe ne zalla, na ɗaura masa igiya na maƙala shi a cikin aljihu, ya sauka tare da ni har mita 30 ya dawo, abin da yake buƙata kawai a ɗauraye shi da ruwan daɗi da yamma. Sanin irin mukullin mota tambaya ɗaya ce a wasiƙar intanet kafin a biya kuɗi, amma tana raba mutum da damuwa mai yawa.

A kan inshora na zauna na karanta takardar layi-layi a karo na biyu, abin da ban yi ba a karon farko. Na zo da tunanin cewa kariyar da katin bankina ke bayarwa ga motar haya ta isa, sai na gano sharuɗɗansa sun cire a-kori-kura gaba ɗaya, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan katuna. Muka sayi inshorar kamfanin. Ita ma tana da adadin da mai haya zai fara biya daga aljihunsa kafin ta ɗauki sauran, kuma ba ta shafi taya da gilashi da ƙarƙashin mota ba. Kafin mu bar harabar na ɗauki hoton kowane karce da lotsawa a gaban ma'aikacin, na sa aka sauko da safayar taya muka duba iskarta, muka ga jak yana nan amma babu hannunsa, aka kawo mana wani.

Tuƙi a tsibirin ba shi da wahala. Hannun dama ake bi, babu fitilar ba da hannu, kuma iyakar gudu kilomita 40 ce a gari, 60 a waje. Abin lura shi ne jakuna da awaki da ke yawo sake, musamman da dare bayan nutson duhu, lokacin da jaki kan tsaya tsakiyar hanya bai damu da fitila ba. Sai kuma hanyar gaɓar arewa, wadda wani ɓangarenta kafin a kai wurin nutso na Karpata hanya ɗaya ce ba a juyowa, don haka wanda ya wuce dole ya zagaya ta Rincon, tsohon garin da Sifaniyawa suka kafa a 1527, kafin ya dawo Kralendijk. Mun koyi tsara wuraren arewa daga kudu zuwa sama, mu ɗauki tukwanen yini guda tun da safe, mu kuma duba mai kafin mu tashi. A kudu hanyar shimfiɗe take, gefe guda filayen gishiri masu launin hoda da tsaunukan farin gishiri, gefe guda teku, har zuwa 'yan ɗakunan dutse da aka gina wa bayi masu aikin gishiri a 1850, waɗanda ƙofarsu ba ta shiguwa sai da rarrafe. Mun tsaya a wurin mun daɗe ba mai magana.

Na'urar sanyaya iska, wadda na sa a gaba lokacin zaɓen farko, kusan ba mu kunna ta ba, domin a jiƙe muke shiga mota kuma gilasai a sauke suke. Haka kuma ban ga buƙatar biyan ƙarin kuɗi don mota mai jan ƙafa huɗu ba. Tsayin cikin mota daga ƙasa shi ne abin dubawa, kuma mun tabbatar da haka a yininmu na ƙarshe. Da yake ana so mai nutso ya huta kusan yini guda kafin ya hau jirgin sama, don iskar naitirojin da ta taru a jiki ta fita, sai muka ware ranar don gandun Washington Slagbaai da ke arewa, wanda aka kafa a 1969. Tun ranar karɓar mota na sa aka tabbatar mini a rubuce cewa an yarda mu shiga da ita, domin ba kowane kamfani ke yarda ba. Hanyar ciki ba kwalta, duwatsu ne da ramuka da gangare, ga itatuwan ƙaya a gefe suna gogar bodi, kuma idan an yi ruwan sama mai yawa akan rufe ta. Muka shiga da ƙarfe takwas na safe, muka bi doguwar hanyar mai kimanin kilomita 34, yawanci a giya ta biyu, muka ga tsuntsayen filamingo a tafkunan gishiri da manyan ƙadangarun iguwana suna shan hantsi a kan duwatsu. Sau biyu muka gangara wuraren da na tabbata ƙaramar motar nan da ta bar wani sashe na cikinta a wurin.

Da la'asar muka fito, muka biya ta gidan mai muka cika tanki, muka share yashi da ɓaraguzan murjani daga bayan motar, muka ɗauraye ta da bokiti biyu na ruwan daɗi. Ma'aikacin ya zagaya ta da takardarsa, ya nuna wani dogon karce a ƙofar hagu, na buɗe hoton da na ɗauka ranar farko ya gani, ya sa hannu ya mayar mini da kuɗin ajiyata cif. Kafin mu fita ƙanena ya tambaye shi wata nawa ya kamata a kama a-kori-kura mai giyar otomatik idan za a zo lokacin sanyin Turai, domin abokin nasa yana so ya yi tuƙi a zuwa na gaba, ya ce a rubuto musu da zarar an sayi tikitin jirgi.