Yadda aka dakatar da shafin wani mai casar shinkafa duk da ya biya kuɗinsa

Sana'ata a Birnin Kebbi ita ce gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet da kula da su, yawancinsu masu injinan casar shinkafa da ke son dillalan Legas da Abuja su same su. Wata safiya wani Alhaji ya kira ni daga Argungu, murya a sama: "Yaro, mi ya hwaru? An ce wanga shafi namu ba ya buɗewa, kuma kuɗin shekara biyu na biya." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bari in duba."

Kuɗi kam an biya. Amma a bayanan rajistar sunan shafin, wato adireshinsa na intanet, na tarar an sa clientHold, wato kamfanin da ya yi rajistar ya dakatar da sunan. Shafi ba ya buɗewa, saƙon imel na masu oda ba ya shigowa, alhali hotunan buhuna da farashi duk suna nan inda aka ajiye su.

Dokar daga hukumar ICANN ta fito, wadda ke Kaliforniya a Amurka, mai sa ido kan sunaye irin .com da .org. Yarjejeniyar da ta ƙulla da kamfanonin rajista a 2013 ta wajabta musu tantance imel ko lambar wayar mai sunan shafi. Idan suka ga alamar bayanan ba daidai ba ne, misali saƙo ya dawo bai shiga ba, sai su nemi mai sunan. Kwana 15 ba amsa, suna iya dakatar da sunan, in abin ya yi tsanani su soke shi. Wanda ya sauya adireshi ko lamba kuma kwana 7 aka ba shi ya gyara.

Wani ɗan ƙanin Alhaji ne ya yi masa rajistar tun farko. Ya sa sunansa, ya sa wani tsohon imel da ya daina dubawa, a gurbin lambar waya kuma ya jera sifili. Da saƙon tunatarwa na shekara-shekara ya je ya dawo, sai lissafin kwanaki ya fara, ba wanda ya sani.

Kamfanin rajista kuwa ba ruwansa da wa ya biya kuɗi, da wanda sunansa ke rubuce kawai yake magana, kamar dai takardar fili. Sai da muka lalubo yaron a makarantarsu a Sakkwato, ya shiga asusun, muka mayar da komai da sunan kamfanin Alhaji, muka tura hoton takardar CAC ta rajistar kamfanin da suka nema, sannan Alhaji da kansa ya danna saƙon tabbatarwa a wayarsa. Shafi ya dawo kafin dare.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda hukuncin ke faɗa wa. Ɗan damfara zai buɗe sabon imel, ya danna tabbatarwa cikin minti ɗaya, sunan ƙaryarsa na nan daram, don gwajin yana nuna cewa imel ɗin na aiki ne kawai. A Amurka akwai dokar 2004 da ke iya ƙara wa mai laifi har shekara 7 a kurkuku idan ya yi amfani da rajistar ƙarya wajen aikata babban laifi, amma sai an kama shi tukuna. Dakatarwa kuwa ta masu sakaci ce irin su Alhaji. Hujjar masu sa bayanan ƙarya don ɓoye kansu ma ta yi rauni, tunda daga 2018, bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, yawancin kamfanoni sun daina bayyana suna da lambar mutum a fili.

Yanzu ba na karɓar aiki sai mai kasuwa ya yarda rajista ta kasance da sunansa da imel ɗin da ke kan wayarsa. Masu son .com.ng kuma ina gaya musu ƙungiyar NiRA, mai kula da sunayen shafukan Najeriya, ce ke tafiyar da shi da ƙa'idojinta, su ma bayanan gaskiya suke nema. Na so in mayar da sunan shafin Alhaji wani kamfanin rajista da ke karɓar naira, sai na tarar sauya mai suna ya jawo kulle na kwana 60, dole muka jira.