Kwana 11 a Atilantika: igiya ta kusa tsinke mana

Salama alaikum 'yan uwa masu koyon tuƙin jirgin ruwa mai ƙyalle, wato wanda iska ke turawa. Yau kwanan mu 11 da barin Las Palmas da ke tsibiran Canary, mun ci kamar mil 1,500 na teku, saura wajen 1,200 kafin tsibirin Saint Lucia da ke Caribbean in Allah ya yarda. Mun taso ne kwana biyar bayan jiragen ARC, wato ayarin nan da ke ƙetarawa duk ƙarshen Nuwamba tun 1986, hanya ɗaya muke bi, mun fara gangarawa kudu wajen tsibiran Cape Verde har muka samu iskar nan da ba ta fashi sannan muka juya yamma.

Mu huɗu ne a jirgin, gadi awa uku uku, ni na samu 3 zuwa 6 na dare kuma wallahi na fi son sa don Asuba tana samu na a sitiyari. Agogo kuma ja da baya muke ta yi, duk digiri 15 awa ɗaya, kafin mu isa sai mun ja awa huɗu, shi ya sa sallah da rana nake dubawa, ba ruwana da agogon waya. Alwala da ruwan teku nake yi a bokiti saboda ruwan sha a ƙididdige yake, kuma in jirgi na tangal-tangal sosai a zaune nake yi, na tokare ƙafa da benci.

To abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne igiya. Kafin tafiya duk hankalina yana kan ƙulli, na yi wata biyu ina ɗaura wani ƙulli da ake kira bolin a ƙafar kujera har ido rufe ina yi, ban san cewa a nan abin da ke cin mutum shi ne gogayya ba. Iska daga baya take zuwa dare da rana, jirgi na juyi dama hagu dama hagu, duk igiyar da ta taɓa ƙarfe to tana cinyewa ne a hankali ba ka ji ba ka gani. Kyaftin ya ɗora min zagayen safe, in bi kowace igiya da hannu, in duba kowane fil da noti. Shekaranjiya na gaji, barcin awa biyu kawai na samu saboda hadari ya taso mana cikin dare mun fito rage ƙyalle, sai na duba da ido daga nesa na ce lafiya lau. Jiya da na sa hannu a igiyar ƙyallen gaba, daidai inda take ratsa bakin sandar da ke tokare shi, na ji ta yi gashi-gashi, na murza sai ga rigar waje ta ɓare, farin zaren ciki ya fito. Gabana ya faɗi. Da ta tsinke cikin dare ƙyallen zai yi ta bulala ne, mutum kuma dole ya je gaba cikin duhu ya kamo.

Kyaftin bai yi faɗa ba, wuƙa ya miƙo min. Na yanke kamar kamu biyu, na ƙona bakin, na sake ƙulli, muka sa guntun tiyo a wurin gogayyar. Yanzu kullum ina matsar da igiyar kaɗan don kada wuri ɗaya ya riƙa shan wuya. Don Allah wanda zai yi irin tafiyar nan ya sa hannu, ido ba ya isa.

Rage ƙyalle kam na samu ci gaba, da minti goma sha nake yi ina ruɗewa da wace igiya zan fara saki, yanzu biyar zuwa shida, kuma na koyi in na ga taurari sun ɓace a bayanmu, iska ta yi sanyi a wuya, in tashi mutum tun kafin ruwan ya sauko. Da dare ba mai fita waje sai da rigar ceto kuma a maƙale da igiya, wannan ba wasa a ciki.

Girki ranar kowa daban. Risho ɗin a rataye yake yana lilo tare da jirgi, tukunya a matse da ƙarfe, ni kuma rabi kawai nake cika ta. Ayaba duk ta nuna rana ɗaya mun sha fama, tumatir ya ƙare, kabeji da albasa da lemu ne suka rage. Mun kama kifin dorado ɗaya ran Talata, launinsa kore da ruwan zinariya amma yana mutuwa ya dusashe a gabanmu, tun daga nan ciyawar sargasam kawai ƙugiya ke jawowa. Kifi mai tashi kuwa kullum da safe sai na tsinci uku huɗu a saman jirgi.

Gobe in sama ta washe kyaftin zai fara nuna min auna tsayin rana da wata na'ura da ake kira sekstan da tsakar rana don gano inda muke, mu gwada da GPS mu ga tazarar.