Hawan dutsen Bagazam cikin ɗarin Janairu

Kwana uku ke nan da muka sauka Maraɗi, har yanzu farcen babban yatsana na ƙafar hagu baƙi ƙirin yake. Aikin Bagazam ne, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, can cikin Azbin arewa maso gabas da Agadas. Ƙololuwarsa, wadda Buzaye ke kira Idukal-n-Tagas, mita 2,022 take. Mu da muka tashi a rairayin bakin Gulbi, inda tudun da muka sani bai wuce gaɓar fadama ba, sai mun koyi tafiya daga farko.

Hanyar Tawa da Abalak ba abin faɗi sai ramuka da wani mai kaki a shinge da ya riƙe katina na ɗan ƙasa kusan awa guda, yana cewa, "Malam, me ka ajiye a kan dutse?" Daga Agadas muka ɗauki kat-kat, wato motar shiga daji, zuwa wajen Tabelot, muka kwana a gindin dutsen. Kada kowa ya tashi sai ya tambayi halin tsaron hanya a Agadas kuma ya sami ɗan jagora ɗan wurin.

Mota ba ta hawa ta inda muka bi, jaki ne motar wurin. Mai jakunan ya fara da kuɗin da a kasuwar Maraɗi za ka yi zaton sayar maka da jakin zai yi. Sai da aka sha shayi kofi uku kafin muka daidaita a kusan rabi, da sharaɗin abincinsa a kanmu. Kada kayan jaki ɗaya su wuce kilo 40, kuma a daidaita nauyin gefe da gefe. Namu ɗaya ya karkace a wani matsatsi, bidon ruwa ya bugi dutse ya tsage, lita 20 ta tafi.

Mun tashi bayan sallar asuba. Hanyar cikin kwazazzabo take, tsakanin manyan duwatsu masu girman ɗaki, kuma mun yi awa huɗu kafin mu fito sarari. Ga inda baƙo ke kuskure: saboda sanyin asuba sai ya jibga kaya, rabin awa da fara hawa gumi ya jiƙa rigar ciki. Da ya tsaya hutawa iska ta buga rigar, sai rawar ɗari. Dabarar ita ce riguna uku marasa kauri, a tuɓe ta sama da zarar jiki ya ɗumama, a mayar da ita kafin a zauna. Rigar ciki kada ta zama ta auduga, don ba ta bushewa da wuri. Jaket ɗin gwanjo da na saya a gida ta wadatar. Ruwa kuwa lita 3 kowane mutum a yini, a riƙa kurɓa ko ba ƙishi, domin iskar hunturu tana busar da mutum bai sani ba, sai ciwon kai ya sanar da shi. Man kaɗe a leɓe da diddige, rawani a kunne da hanci.

Abin mamaki yana sama. Na zaci ƙonannen dutse zan tarar, sai ga fili mai faɗi da ƙauyuka da makaranta da garake kore shar: albasa, tafarnuwa, dankalin turawa, tumatir. Ta hanyar da muka bi, a bayan jaki ake sauko da su. Na daina ƙorafin tsadar dankalin Agadas daga ranar.

Wani dattijo ya sauke mu. Hausarsa ta fi tawa daɗi, don da ƙuruciyarsa ya yi ayarin gishiri daga Bilma zuwa ƙasar Hausa, har Tasawa ya sani. Ya ba mu furarsu ta gero da dabino da cuku, mai nauyi, wadda kofi ɗaya ke riƙe mutum har la'asar. Da na miƙa kuɗi sai ya ɓata rai. "Yarona, a Maraɗi sayar wa baƙo ruwa kuke yi?" Na ce, "A'a Baba, a yi haƙuri." Sukari da ganyen shayi ne abin da ake karɓa ba kunya, a taho da su.

Daren nan ne ban taɓa jin irinsa ba. Ruwan butar da muka bari waje ya yi ɓawon ƙanƙara a sama, sai da aka ɗumama kafin alwala. Sanyin daga ƙasa yake shiga, saboda haka bargo biyu a ƙarƙashi sun fi uku a sama. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kisa. Waya kuma a sa ta cikin aljihun ciki, in ba haka ba batir ya mutu kafin safiya.

Ƙololuwar wani yini ne daban, rabinsa da hannu da ƙafa. A isa da hantsi kafin hazo ya tashi. Daga can duwatsun Azbin baƙaƙe sun jeru har iyakar gani, koramu na ratsa su kamar koren zare.

Saukowa ta fi hawa wuya. Tsakuwa a kan falalen dutse santsi take kamar gero a kan siminti, sai da sanda da taku a karkace. Takalmina ya yi daidai da ƙafa ƙwarai, ban kuma yanke farce ba, yatsa ya yi ta dukan gaba har ƙasa. A sayi mai lamba ɗaya sama da naka, a ɗaure igiyar tamau a idon sawu.

Agadas kwana ɗaya, muka sayi cuku da dabino na tsaraba, muka kamo hanyar gida.