Ranar da na ba da haƙuri a inda ake neman hujja

Ni ma'ajin kaya ne a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Kaduna. Aikina karɓar kaya da ƙirga su da rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Turancina na aiki ne, wanda ya ishe ni cike fom da karanta takardar oda. A daminar bara ne kalma ɗaya ta Turanci ta kusa cinye mini albashi.

Wata Juma'a ce bayan la'asar. An yi ruwa da iska, wuta ta ɗauke, muka tada janareta, ya yi tari sau biyu ya mutu. A ɗakin ajiya akwai firji cike da alluran rigakafi da insulin, waɗanda ba a son sanyinsu ya fita daga tsakanin digiri 2 zuwa 8. Likitan da ke da asibitin yana kan hanyar Abuja, wayarsa ba ta shiga. Ƙa'idarmu kuwa, ba a taɓa kuɗi mai kauri sai an kawo farashi daga wuri uku an sa hannu. Na kalli firjin, na kalli agogo, na ɗauki kuɗin ko-ta-kwana, ni da makanike muka tari keke zuwa Panteka muka sayo famfon mai. Kafin sallar isha janareta ya tashi.

Ranar Litinin fayil ya dawo teburina. A gefen rasit ɗin an rubuta da jan biro: "Kindly justify this expenditure."

Gabana ya faɗi. Jan biro na gani kafin in ga kalmomin, kuma a raina abin da aka ce shi ne, ka yi laifi, fito ka kare kanka. Mu kuma an yi mana tarbiyyar cewa idan babba ya yi faɗa, sunkuyar da kai ake yi. Sai na zauna na rubuta wasiƙa mai ladabi: na yi kuskure, na saɓa ƙa'ida, a yi mini afuwa, ba zan sake ba. Ko sau ɗaya ban ambaci firji ba. Ranar Laraba aka sanar da ni za a riƙa cire kuɗin daga albashina kaɗan-kaɗan, tunda ni da kaina na amsa.

Akantanmu dattijo ne, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya kafin ya zo nan. Shi ya kira ni ofishinsa, ya ajiye takardun biyu gefe da gefe.

"Ɗana, me aka tambaye ka, me ka amsa?"

Na ce, "Baba, ai laifi aka ce na yi."

"Nuna mini inda aka rubuta laifi."

Na duba, babu. Ya ce likita bai tuhume ni ba. Takardar tuhuma, irin wadda ya sani a aikin gwamnati, tana tambayarka dalilin da zai hana a hukunta ka. Wannan kuwa cewa ta yi, nuna mana cewa kashe kuɗin nan ya dace. Likita yana da masu binciken asusu da za su tambaye shi, yana son abin da zai nuna musu. Ni kuma na miƙa masa takardar amsa laifi.

Bayanin da ya yi mini daga nan da Hausa ya yi shi, shi ya sa ya zauna. Ya ce idan Bature ya ce "explain", bayani kawai yake so, yadda abu ya faru, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Idan ka kawo "excuse", uzuri ka kawo: ka yarda abin bai yi daidai ba, kana roƙon kada a kama ka da shi, kamar wanda ya makara saboda cunkoso a Kawo. Amma "justify" tsayuwa ce. Kana cewa abin da na yi shi ne daidai, ga hujja, kuma da za a mayar da ni wannan Juma'ar haka zan sake yi. Ya ce mai uzuri yana neman tausayi, mai hujja yana neman a auna maganarsa.

A daren na sake rubutawa, shafi ɗaya tak. Na sa lokacin da wuta ta ɗauke, da jerin kiran da na yi wa likita a waya, da takardar da muke rubuta sanyin firji safe da yamma, da kuɗin magungunan da ke ciki kusa da kuɗin famfon, don a ga ratar da ido. Baba ya gyara mini wuri ɗaya. Na rubuta "justify to buy", ya ce ba a faɗa haka. Kalmar tana hawa kan abin da ake karewa kai tsaye, "justify the purchase" ko "justify buying", ita kuma "to" wurinta gaban mutumin da kake yi wa bayani ne, kamar "justify it to the auditors". Washegari fayil ya dawo da kalma biyu: "Justified. Approved." Aka fasa cire kuɗin, aka kuma ba mataimakin likita ikon sa hannu idan irin haka ta taso.

Daga nan kalmar ta riƙa tare ni ko'ina. Na duba ƙamus na ga daga Latin ta fito, haɗin "justus", wato daidai ko adali, da "facere", wato yi ko mayarwa. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14. Tushenta ɗaya da "justice", adalci. Da na gane asalinta mayar da abu daidai ne, ko nuna cewa daidai yake, sauran ma'anonin suka daina ba ni mamaki.

Yarinyar da ke buga mana takardu a kwamfuta ta tambaye ni wata rana ko ta yi "justify" ɗin rahoton. Na tsaya ina kallonta, sai ta danna Ctrl da J a Microsoft Word, layukan suka miƙe, gefen dama da na hagu suka daidaita kamar shafin jarida. Wata nas ɗinmu Kirista, 'yar Sabon Tasha, ta ce su a coci kalmar tana da nauyi sosai: Allah ne ke ɗaukar mutum a matsayin mai adalci ta wurin bangaskiya, maganar da Martin Luther ya tsaya a kanta a Jamus a ƙarni na 16. Maƙwabcina lauya kuma ya ce a shari'ar ɓata suna, wanda ake ƙara yana iya kare kansa da "justification", wato ya tabbatar wa kotu cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma nauyin kawo shaidar yana kansa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta 'yata da ke shirin WAEC. Ta kawo mini takardar gwaji tana ƙorafi, amsarta daidai ce amma an ba ta rabin maki. A ƙarshen tambayar an rubuta "Justify your answer." Ta ce, "Abba, ai na ba da amsar." Na ce mata amsar rabin aiki ce, sauran rabin shi ne ki nuna abin da ya kai ki gare ta. Na yi tunanin yara nawa ne a makarantunmu na Rigasa da Tudun Wada suke zubar da maki a kan wannan kalma, ba don ba su san darasin ba. Ina ganin malaman Turanci ya kamata su ware wa kalmomin umarni na jarrabawa lokaci na musamman, su fassara su da Hausa ƙarara.

Akwai kuma maganar Turawa da ake yawan ji a bakin 'yan boko, "the end justifies the means", wato idan ƙarshen abu ya yi kyau, kowace hanya aka bi ta halatta. A nan kalmar tana nufin halattawa, kuma ba mutum ne ke yin ta ba, abu ne ke halatta abu. Ni ban yarda da maganar ba. Da famfon nan na sata ne, tsirar magungunan ba za ta wanke ni ba.

Sai dai sanin kalma yana da nasa haɗarin, kuma na faɗa ciki. Bayan wasu watanni, wani yaro da ke taimaka mini a sito ya yi kuskuren ƙirga, kwalin safar hannu guda ya ɓace a lissafi ana gobe za a zo bincike. Na yi masa tsawa a gaban marasa lafiya, har na faɗi maganar da ta taɓa iyayensa. Ya fita bai ce komai ba. Da Baba ya kira ni, na zo da hujjojina a jere kamar na wancan fayil: na sha gaya masa, bincike gobe ne, ni za a kama.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Fushinka yana da hujja, wannan ko Bature zai ce maka 'you were justified in being angry'. Zagin fa?"

Na fara wani bayanin, ya ɗaga hannu. Ya ce abin da nake yi yanzu suna kiransa "rationalise", mutum ya riga ya aikata abu don zuciya, sannan ya dawo yana ɗinka masa dalilai. Ya ce, "Mu tabarmar kunya muke cewa, ka kuma san da abin da ake naɗe ta."

Na samu yaron a bayan ɗakin janareta yana wanke bokiti. Na ce masa maganar da na faɗa a kan iyayensa ba ta da wani dalili, ya yafe mini. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ba komai, Yallaɓai, na yafe." Ya ƙara da cewa ya gano kwalin, yana ƙarƙashin na auduga, kuma ya riga ya gyara lissafin a littafi.